Sarauniyar Kyau da 'Yar Ishaku

Cikin watan Disamba na shekara ta 1819 aka fitar da wani littafin hikaya a Edinbara, babban birnin Sikotlan, ƙasar da ke arewa da Ingila. Sunan littafin Ivanhoe, ana faɗinsa Aibanho. An buga shi juzu'i uku, kuɗinsa sule talatin, watau abin da lebura na wancan zamani ba ya samu ko da ya yi mako biyu yana aiki. Duk da tsadar nan, guda 10,000 da aka fara bugawa ba su daɗe a kanti ba. Ba a sa sunan mawallafin a bango ba, amma galibin masu karatu sun san ko wane ne, watau Walta Sikot.

An haifi Sikot a Edinbara cikin 1771. Tun yana jariri wata cuta ta taɓa masa ƙafar dama, har ya mutu yana ɗingishi. Ya koyi aikin shari'a, ya zama alƙalin wata gunduma cikin 1799, sa'an nan cikin 1806 aka naɗa shi cikin manyan akawuna na babbar kotun Sikotlan. Da asuba ya kan tashi ya rubuta labaru, in rana ta yi ya tafi kotu ya zauna gaban alƙalai da alƙalaminsa. Shekarar da ya wallafa Aibanho ya sha fama da ciwon ciki mai tsanani, har wani sashi na littafin yana kwance ya riƙa faɗa ana rubutawa.

Littafin cike ya ke da yaƙi, da sukuwar barade, da 'yan fashin daji, da gobara. Amma tun fitowarsa gardamar da ta fi daɗewa a bakin masu karatu a kan mata biyu ta ke. Ɗaya Rawina, wadda jarumin labarin ya aura. Ɗaya kuwa Rifkatu, wadda Turawa ke kira Rebeka, ita ce ta tafi hannu wofi. Mutane da yawa suka ce an yi kuskuren amarya. Wanda ya ke son ya gane dalilinsu sai ya fara sanin zamanin da aka ɗora labarin a kansa.

Cikin 1066 wani sarki mai suna Wilyam ya ƙetaro teku daga Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Mutanensa, Normawa, suka ƙwace gonaki da sarautu daga hannun 'yan ƙasa, watau Saksawa. Sikot ya sa labarinsa cikin 1194, shekara 128 bayan wannan, zamanin Sarki Ricad wanda a ke wa kirari Mai Zuciyar Zaki. Ricad ya tafi yaƙin Baitul Muƙaddas, ya gwabza da Salahuddini, a kan hanyarsa ta komowa aka kama shi aka tsare a ƙasar Jamus. Ƙanensa Yarima Jon kuwa yana gida yana ƙulle-ƙullen hawa gadon sarauta.

Cikin hikayar akwai wani dattijo mai taurin kai, Sedirik, wanda ba shi da buri sai ya ga mulki ya koma hannun Saksawa. A gidansa akwai wata 'yar riƙo, Rawina, jinin Sarki Alfared, babban sarkin Saksawa na dā. Sedirik ya ƙudura zai aurar da ita ga Atalstan, wani jinin sarauta mai ƙiba da son abinci, don a haɗa gidajen nan biyu. Sai ga ɗansa na cikinsa, Aibanho, ya kamu da son yarinyar. Ya kore shi, ya cire shi daga gado, yaro ya bi Sarki Ricad yaƙi. Labarin ya soma ne ran da ya komo a ɓoye, cikin shigar matafiyi mai ziyara.

A babi na 4 Rawina ta fara fitowa, sa'ad da ta shigo zauren cin abinci. Nan mawallafi ya tsaya ya bi ta tun daga kai har ƙafa. Doguwa ce amma ba can ba, fara sol, idanunta shuɗɗa garau. Gashinta tsakanin ƙasa-ƙasa da ruwan zinariya, an yi masa ado da duwatsu masu daraja. Ga sarƙar zinariya a wuya, ga mundaye a hannu, ga rigar alharini kore-kore, an ɗora wata ta jan mulufi a kai, ga mayafi saƙaƙƙe da zaren zinariya. Abin lura a nan shi ne, Sikot da kansa ya hango inda haɗarin ya ke, gama cikin siffantawar ya yi hanzari ya ce ƙwarjinin fuskarta ya tsame ta daga lamin nan da a kan gani ga waɗansu kyawawa. To, faɗa dai ya faɗa, saura a gani a aikace.

Wannan irin siffantawa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya. 'Yar sarki kullum son kowa ce, ƙin wanda ya rasa, kamar wata daren goma sha huɗu. Ba a kan tambayi me ta ke so ba, ko me ke ba ta dariya, domin aikinta ta zauna a soro har wanda ya kashe dodo ya zo a ɗaura. A tatsuniyar dare ɗaya wannan ya wadatar. Amma littafi mai babi 44 doguwar tafiya ce, kuma wanda ya yi doguwar tafiya da mutum ya kan so ya san halinsa.

Idan aka bi littafin aka ƙidaya abin da Rawina ta aikata, yatsun hannu biyu sun isa. Ta kāre sunan Aibanho a gaban baƙi, wannan kam ta yi abin yabo. Ta aika aka kira mata matafiyin nan don ta ji labarin masoyinta, suka yi ta zance, ba ta gane shi ne ba. A filin Ashbi aka yi wasan barade, inda mutum biyu su kan sa sulke da kwalkwali su hau dawaki su auka wa juna da dogayen māsu, wanda ya kā da abokinsa shi ya ci. Aibanho ya ci, ya zaɓe ta Sarauniyar Kyau da Ƙauna, ta zauna bisa karaga, kashegari ta ɗora masa kambi. A cikin daji ta yarda Rifkatu da ubanta su bi ayarinsu. Aka sace ta, aka cece ta, ta yafe wa wanda ya sace ta, aka ɗaura mata aure. Yawancin waɗannan abubuwa yi mata aka yi, ita ba ta yi ba.

Wuri guda ne aka gwada ta da gaske, a babi na 23. Wani barde Banorme mai suna Dabirasi ya tsare ta a cikin gidan ganuwa na Tokilston, ya ce ko ta aure shi ko Aibanho, wanda ke kwance da rauni cikin gidan, ya halaka. Da fari ta amsa masa da isa irin ta 'ya'yan sarauta. Da ta ga abin ba wasa ba ne sai ta ɗaga hannu sama ta fashe da kuka, har barden ya rasa abin yi, ƙahon yaƙi ya fid da shi daga ɗakin. Mawallafi ya ba da dalili, ya ce asalinta mai taushin hali ce, isar nan kuwa ta samo ta ne don tun tana ƙarama ba wanda ya taɓa ce mata a'a, har shi Sedirik. Wannan magana mai ma'ana ce ƙwarai. Da an bi ta, da an sami mace mai rai, shagwaɓaɓɓiya wadda duniya ta fara koya wa karatu. Amma aka faɗe ta cikin 'yan layuka aka wuce, aka mai da Rawina bisa karagarta.

Ko ƙaya ta ƙarshe da ke kan hanyar aurenta ba ita ta cire ba. Atalstan, wanda aka sara a kā a wurin yaƙi har aka yi zaton ya mutu, shi ne ya faɗo tsakiyar masu makokinsa yana kukan an bar shi da yunwa, ya ce ya bar wa Aibanho ita. Daga baya Sikot ya rubuta cewa abokinsa mai ɗab'i ne ya matsa masa lamba ya ta da mutumin, don mutuwarsa ta dame shi.

Me ya sa gwanin labari kamar Sikot ya bar amaryarsa haka fayau? Babban dalili shi ne, a cikin labarin nan Rawina ta fi kama da gado bisa ga mutum. Sedirik yana ganinta ya ga jinin Alfared. Dabirasi yana ganinta ya ga gonakinta, gama shi ba shi da ƙasa. Yarima Jon kuwa ya ɗauke ta kyautar da zai saka wa baransa da ita. Shi kansa mawallafin yana bukatarta don ya ɗaura aure tsakaninta da Basakse mai bin sarkin Normawa, Saksawa da Normawa su taru wurin biki, a nuna mafarin haɗuwarsu al'umma guda. A nan akwai ƙamshin gaskiyar tarihi, domin a zamanin nan sarakunan Ingila su kan sayar da auren mata magada ga wanda ya fi biya. Abin ya yi yawa har cikin 1215, sa'ad da manyan ƙasa suka tilasta wa Jon, wanda ya riga ya zama sarki, ya buga hatimi a kan takardar nan Magna Carta, aka sa sharaɗi cewa kada a tilasta wa matar da mijinta ya mutu ta sake aure. Gaba tsakanin ƙabilun nan biyu kuwa, masana tarihi sun ce Sikot ya ƙara mata gishiri, gama wani ma'ajin sarki da ya yi rubutu 'yan shekaru kafin mulkin Ricad ya ce auratayya ta riga ta gauraya su, har da wuya a bambanta su cikin 'ya'ya.

Kada mai karatu ya zaci matan wancan zamani duk haka su ke, a zaune ana ciniki a kansu. Uwar Sarki Ricad, Sarauniya Elino, ta auri Sarkin Faransa, ta bi shi yaƙin gabas cikin 1147, suka rabu, ta auri wanda daga baya ya zama Sarkin Ingila, shi kuma ya tsare ta wajen shekara 16 don ta goyi bayan 'ya'yanta da suka yi masa tawaye. Da aka kama Ricad aka yanka masa fansa fam 100,000 na azurfa, abin da ya ninka kuɗin shiga na baitulmalin Ingila na shekara fiye da sau biyu. Tsohuwar nan, tana da shekara wajen saba'in, ita ta tsaya aka tara abin da aka tara, ta tafi Jamus da kanta cikin tsananin sanyi, aka saki ɗanta cikin Fabrairu 1194. Akwai kuma wata mace mai suna Nikola, wadda ta riƙe gidan ganuwa na birnin Linkan kwana arba'in cikin 1191 mayaƙa na kewaye da ita, ta sake yin haka cikin 1217 bayan ta tsufa. Sikot masanin tarihi ne, bai jahilci irin waɗannan ba. Elino dai sai a wucewa aka ambace ta cikin littafinsa.

Rifkatu 'yar Ishaku ce, wani Bayahude attajiri mai ba da rance a birnin Yok. Zaman Yahudawa a Ingila a lokacin zaman ɗar-ɗar ne. An ɗauke su kamar dukiyar sarki, ya kāre su in ya so, ya tatse su in ya bukata. Cikin Maris 1190, shekara huɗu kafin lokacin labarin, 'yan tarzoma suka kewaye Yahudawan Yok a cikin gidan ganuwa na birnin, mutum wajen 150 suka halaka. Ita ma Rifkatu, da ta fito a babi na 7, an siffanta ta kamar yadda aka yi wa Rawina, har ma da ƙari. Ga baƙin gashi, ga haƙora kamar lu'ulu'u, ga ɗaurin kai na rawayan alharini da gashin jimina, har Yarima Jon ya tsaya yana yabo. Ashe ba rashin kyau ya bambanta su ba. Abin da ya bambanta su shi ne, ita da aka gama siffanta ta sai ta tashi ta kama aiki.

Aibanho ya aiki baransa ya biya Ishaku kuɗin doki da kayan yaƙin da ya samo masa, zinariya tamanin. Tsoho ya ƙirge su sarai ya zuba a jaka. Rifkatu ta tare baran a duhu ta ba shi ɗari, ta ce ya mayar wa ubangidansa nasa, ya riƙe saura. Da aka soki Aibanho a filin wasa, ubansa ya ƙi kulawa da shi a bainar jama'a, ita ce ta sa aka ɗauke shi, ta yi jiyyarsa da maganin da ta koya wurin wata tsohuwa mai suna Maryamu. Ya farka ya gan ta, ya shiga yi mata magana mai taushi. Da ta faɗa masa ita Bayahudiya ce sai muryarsa ta yi sanyi nan take. Ta lura, ta yi ajiyar zuciya, ta ci gaba da ɗaure masa rauni. Wurin nan gajere ne, amma ya fi dukan siffantawar alharini da zinariya shiga zuciya.

A Tokilston ita ma an tsare ta, a ɗakin da ke ƙolin hasumiya. Wanda ya shigo mata Burayan ne, jarumi cikin ƙungiyar barade ta Haikali, waɗanda suka yi wa'adi ba za su yi aure ba. Ta miƙa masa kayan adonta don fansa, ya ce ba su ya ke so ba. Da ta gane nufinsa sai ta buɗe taga ta haye bakin katanga, inda ba kome tsakaninta da ƙasa sai iska, ta ce in ya ƙara taki ɗaya za ta faɗa. Mutumin da bai taɓa ja da baya a fagen fama ba ya ja da baya. Sikot ya jera babin nan daf da na kukan Rawina, 23 da 24, kamar da gangan ya ke so a auna su.

Sa'an nan aka zo aka kewaye gidan da yaƙi. Aibanho na kwance ba ya iya tashi, Rifkatu ta kāre jikinta da wata tsohuwar garkuwa ta tsaya a taga tana faɗa masa abin da ke gudana. Yana ta ƙuna don ba ya cikin fama, yana yabon suna da ɗaukakar da barde ke samu. Sai ta tambaye shi abin da ke saura bayan an zub da jini an bar marayu, in ba sulke mai tsatsa a bisa kabari ba. Ya ce ita ba za ta gane ba. Amma duk cikin littafin, mai cike da barade, ita kaɗai ta yi wannan tambaya, kuma ba wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa.

Shi kansa jarumin, in an duba, bai fi amaryarsa zurfi da yawa ba. An yi masa rauni a babi na 12, ya yi ta kwanciya ana ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, bai sake riƙe māshi ba sai a babi na 43. Mai ladabi ne, mai cika alkawari, mara tsoro, shi ke nan an gama faɗin halinsa. Waɗanda ke da jini a jika su ne na gefe: Gat makiyayin aladu, bawa mai ƙarfe a wuya, mai gunaguni amma mai amana, Wamba wawan Sedirik, wanda ya shiga gidan maƙiya da shigar limamin Kirista ya musanya tufafi da ubangidansa don ya tsere, Ishaku, wanda son kuɗi da son 'ya ke ja-in-ja a zuciyarsa, har da Burayan, mugu wanda so ya rikita. Sikot ya san wannan rauni nasa. Cikin wata wasiƙa ta 1814 ya gaya wa abokinsa cewa shi ba gwanin zana jarumi na kirki ba ne, hannunsa ya fi faɗawa kan 'yan fashi da masu hali biyu.

Ƙarshen wahalar Rifkatu ita ce shari'a. Shugaban ƙungiyar Haikali ya ce ba yadda za a yi bardensa ya rikice haka sai da sihiri, aka yanke za a ƙone ta. Ta nemi hukuncin māshi, watau wani ya yi faɗa a madadinta, in ya ci ta kuɓuta. Aka ba ta kwana uku. Burayan ya zo a ɓoye ya ce su gudu gabas ya mai da ita sarauniya, ta ƙi. Shugaban ya ce ta bar addininta a yafe mata, ta ƙi. Rana ta yi nisa tana zaune kusa da tarin itace, sai ga Aibanho bisa gajiyayyen doki, shi kansa da ƙyar ya ke zaune a sirdi. Aka kara, māshinsa ya ɗan taɓa garkuwar Burayan kawai, sai Burayan ya faɗo matacce ba rauni a jikinsa, zuciyarsa ce ta kashe shi.

To, bayan duk wannan aka ɗaura auren Aibanho da Rawina a babbar majami'ar Yok. Masu karatu, musamman mata, suka yi ta ƙorafi har ya kai kunnen mawallafi. Cikin 1830, da a ke sake buga littafin, ya rubuta gabatarwa ya ba da amsa iri biyu. Ta fari, ya ce ƙiyayyar wancan zamani ba za ta bari Kirista ya auri Bayahudiya ba. Wannan gaskiya ce, gama cikin 1290 ma korar Yahudawa aka yi daga Ingila ɗungum, kuma ko a zamanin Sikot ba su da ikon zama a majalisar ƙasa, sai cikin 1858 aka ba su. Ta biyu, ya ce mai hali irin na Rifkatu rage masa daraja a ke yi in an ce sai an biya shi da jin daɗin duniya, kuma haɗari ne a koya wa yara cewa nagarta kullum tana tafe da ladanta a hannu. Amsar ta yi kyau, amma ta bar rabin tambaya. Ta bayyana abin da ya hana Rifkatu miji, ba ta bayyana abin da ya hana Rawina hali ba.

Ba kuwa a wannan littafi kaɗai ya yi haka ba. A hikayarsa ta fari, Waverley, ta 1814, akwai mata biyu, mai baƙin gashi mai zafin zuciya, da fara mai sanyin hali. Jarumin ya fara son ta farko, ya ƙare da auren ta biyu. Waɗansu masu bincike su kan danganta wannan da abin da ya sami Sikot yana saurayi, gama ya yi shekaru yana neman wata yarinya, cikin 1797 ta auri ɗan wani mai banki, shi kuma kafin shekarar ta fita ya auri wata. Wannan zato ne, ba a yanke hukunci da shi. Abin da ya tabbata shi ne ya iya zana mace in ya ga dama. Shekara guda kafin Aibanho ya fitar da The Heart of Midlothian, labarin Jini Dins, 'yar mai kiwon shanu, wadda ya faɗa a fili ba kyakkyawa ba ce. Ta ƙi yin rantsuwar ƙarya a kotu ko da don ta ceci ƙanwarta daga rataya, sa'an nan ta kama hanyar Landan, tafiyar mil wajen 400, galibi a ƙasa, ta roƙo mata gafara wurin sarauniya. Da ya rasa fuskar da zai yaba, dole ya nemo hali.

Cikin waɗanda abin Rawina ya tsaya wa a rai har da wani babban mawallafi, Wilyam Takare, wanda ya karanta littafin yana yaro. Ƙarshen 1849 ya fitar da wani ɗan littafin ban dariya, Rebecca and Rowena, ya ci gaba da labarin daga inda aka tsaya. A ciki Rawina ta zama mace mai mita da nuna ibada, kullum tana yi wa mijinta gorin Bayahudiyar da ta yi jiyyarsa, har ya gaji ya koma yaƙi. Aka ce ya mutu, ta auri Atalstan. Da za ta mutu ta sa ya yi alkawari ba zai auri Bayahudiya ba. Yaya za a yi ke nan? Sai Takare ya sa Rifkatu ta shiga addinin Kirista, aka ɗaura. An gudu ba a tsira ba. Matar da ta zaɓi wuta bisa ga barin addinin iyayenta, ga mai ƙaunarta ya raba ta da shi don ya sama mata miji.

Amma a yi wa Rawina adalci, ita ma Rifkatu ba ta kuɓuta sarai daga ciwon nan ba. Ba ta taɓa ƙarya ba, ba ta taɓa rowa ba, ba ta taɓa kishi a fili ba, ko cikin tsoro maganarta a shirye ta ke kamar huɗuba. Irin wannan cikar ma wani ado ne da mawallafi ke rataya wa mutum. Abin da ya cece ta shi ne an ba ta abin da ta ke so ba za ta samu ba, ta kuwa san haka, tana kokawa da zuciyarta a ɓoye. Rawina ba ta taɓa son abin da littafin bai riga ya ajiye mata ba.

Karagar Sarauniyar Kyau ta fito daga takarda ta shigo duniya. Cikin Agusta 1839 wani basarake na Sikotlan, mai Egilintan, ya kashe dukiya mai yawa ya shirya wasan barade irin na Ashbi, da sulke da māsu da kome, aka zaɓi matar wani ɗan sarauta ta zama Sarauniyar Kyau. An ƙiyasta 'yan kallo wajen 100,000. Ran farko sai sama ta tsage da ruwa, fili ya zama taɓo, rumfuna suka yi yoyo, 'yan kallo suka watse a jiƙe. Cikin 1952 kuma aka mai da littafin sinima a Turai, aka ba Elizabet Tela, wadda a ke lissafawa cikin mafiya kyau na zamaninta, ta fito a matsayin Rifkatu.

Sau ɗaya tak matan nan biyu suka zauna su kaɗai, a babi na ƙarshe, kwana biyu bayan biki. Rifkatu ta zo sallama, za su ƙaura ita da ubanta zuwa Garnaɗa ta ƙasar Andalus. Sarkin da Sikot ya ce za su fake gare shi, Bu'abdil, sai bayan shekara kusan ɗari uku ya yi mulki, amma wannan tuntuɓen alƙalami ne. Ta durƙusa ta sumbaci gefen rigar amarya, ta ce a isar wa Aibanho godiyarta. Sa'an nan ta roƙi abu guda, a ɗaga mayafi ta ga fuskar da a ke ta ba da labari. Rawina ta ɗaga, kunya ta kama ta. Rifkatu ta dube ta, ta yaba, ta miƙa mata wani ɗan akwati mai ado na azurfa, da sarƙar wuya da 'yan kunne masu tsadar gaske a ciki, ta ce ita ta daina sa ado. Rawina ta ce ta zauna a koya mata addininsu su zama kamar 'yan'uwa. Ta ce a'a, sauran kwanakinta za ta ƙare su wajen jiyyar marasa lafiya da ciyad da mayunwata. Muryarta ta yi rawa da ta zo ambaton sunansa, ta yi hanzari ta fita.

Rawina ta kwashe labari ta gaya wa mijinta. Mawallafi ya ce sun daɗe tare cikin jin daɗi, sai dai Rifkatu ta kan faɗo wa Aibanho a rai fiye da yadda jikar Alfared za ta so. Bai faɗi ko Rawina ta taɓa sa sarƙar ba.